Kashi Bakwai Cikin Ɗari: Sharhi a Kan Wata Ƙa'ida ta Masu Koyar da Jawabi

Akwai wata ƙa'ida da ta cika littattafan koyon jawabi na zamanin nan, ta ratsa tarurrukan horon ma'aikata, har ta kutso cikin darussan da ake ba ɗalibai a kwalejojin horon malamai. Cewa ake yi wai idan mutum ya tashi gaban jama'a zai yi magana, kashi 55 cikin ɗari na saƙonsa fuskarsa da motsin jikinsa ne ke isar da shi, kashi 38 muryarsa, sa'an nan kalmomin da ya faɗa ba su da rabo sai kashi 7 kacal. Masu kawo ta kan jingina ta ga binciken masana, su ambaci sunan jami'a, su zana da'ira a allo su yanka ta gida uku, ɗalibi kuwa ya kwafe ya haddace don jarrabawa. Nufina a wannan takarda in bi sawun ƙa'idar nan zuwa inda ta fito, a ga abin da aka auna da abin da ba a auna ba, sa'an nan in gwada ta da harshenmu. Dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi haka kuwa, ba ƙaramin abu ba ne a gaya wa mutumin da zai yi shekara talatin yana koyar da yara da bakinsa cewa maganarsa ita ce mafi ƙarancin daraja cikin kayan aikinsa.

Mai lissafin nan sunansa Albert Mehrabian, masanin halayyar ɗan Adam, wanda aka haifa a Iran cikin 1939, ya yi aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a Amurka. Cikin 1967 ya buga sakamakon gwaji biyu, na farko tare da Morton Wiener, na biyu tare da Susan Ferris. A gwaji na farko an zaɓi kalmomin Ingilishi guda tara: uku masu nuna ƙauna, uku masu nuna ƙiyayya, uku kuma 'yan ba ruwanmu. Aka sa aka furta kowace kalma ita kaɗai da murya iri uku, watau muryar so, da muryar ƙi, da murya ta tsaka-tsaki, aka ɗauka a na'ura. Sai aka kunna wa ɗalibai, aka ce su faɗi yadda zuciyar mai maganar take game da wanda ake yi wa maganar. Abin da aka samu shi ne, duk inda kalma da murya suka saɓa, kamar a faɗi kalmar godiya da muryar fushi, masu sauraro sun fi gaskata muryar. A gwaji na biyu kalma ɗaya tak aka yi aiki da ita, mai ma'anar "watakila", an kuwa zaɓe ta ne musamman don ba ta nuna so ba ta nuna ƙi. Mata suka furta ta da murya iri uku, aka haɗa da hotunan fuskokin mata iri uku, aka sake yin waccan tambaya. Nan aka ga fuska ta rinjayi murya da misalin ninki ɗaya da rabi. Wanda ya raba 55 da 38 zai ga inda lambobin biyu suka fito.

To, daga nan ne mai binciken ya haɗa sakamakon biyu, ya kawo lissafin 7 da 38 da 55 a matsayin ƙiyasi. Ina roƙon mai karatu ya dakata a nan, gama duk maganar a nan take. Ba a yi wani gwaji guda da aka auna kalma da murya da fuska gaba ɗaya ba. Biyu biyu aka gwada su, da ɗalibai 'yan gomomi, sa'an nan aka ɗinke. Ba a sa kowa ya saurari jimla ko ɗaya ba, balle jawabi, balle darasin minti arba'in. Fuskar da aka nuna hoto ce a tsaye, ba hannu, ba tafiya, ba sutura, alhali masu yaɗa ƙa'idar sun cusa duk waɗannan cikin kashi 55 ɗin. Mafi girma duka, ba a tambayi kowa ko ya fahimci wani bayani ba. Tambayar ita ce, tana sonsa ko ba ta sonsa? Wanda ya zaɓi kalmar da ba ta ɗauke da so ko ƙi, sa'an nan ya tambayi mutane labarin so da ƙi, ai dole kalmar ta fito da ƙaramin rabo. Kamar a sa gurgu cikin tsere ne da gangan, a dawo ana shelar an gano ƙafa ba ta da amfani wajen gudu.

Adalci shi ne a ce laifin ba na Mehrabian ba ne, ko kuwa kaɗan ne nasa. Lambobin sun sake fitowa cikin littafinsa mai suna Silent Messages na 1971, daga can suka bazu, amma shi da kansa ya yi gargaɗi daga baya cewa lissafin bai shafi komai ba sai inda mutum ke bayyana so ko ƙi, ko abin da ke ransa. Gargaɗin bai yi ƙafar da lambobin suka yi ba.

In aka mayar da binciken cikin iyakarsa, gaskiya ne, kuma ba baƙo ba ne gare mu. Hausawa sun riga sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gatse ma duk a kan wannan aka gina shi. Uwa ta tarar da ɗanta ya fasa tulu ta ce masa, "Ka kyauta," ba yaron da zai ɗauka yabo ne. Maigida ya sami bara yana barci da hantsi ya ce, "Sannu da aiki," bara ya san ba gaisuwa aka yi masa ba. Wannan shi ne abin da aka auna a Kalifoniya, ba ƙari. Amma a lura, ko a nan ma kalmar ba ta faɗi ba. Zafin gatsen yana zuwa ne daga karon da ma'anar kalma ta yi da murya. In yaron bai san ma'anar "kyauta" ba, abin da zai ji faɗa ne kawai, ba gatse ba.

Da ƙa'idar gaskiya ce yadda ake koyar da ita, da Bahaushen da bai taɓa jin Sinanci ba ya zauna gaban mai lacca a Bejin ya tashi da kashi 93 na laccar, tun da yana ganin fuska yana jin murya. Da kuma rediyo bai yi kasuwa a ƙasar nan ba. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri cikin 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo cikin 1962, mutanenmu ke bin labarin duniya da tafsiri da muhawarar siyasa ta akwatin da ba ya nuna fuskar kowa. Bisa lissafin nan fiye da rabin saƙon ya zube tun kafin ya bar ɗakin watsawa. Manomi kuwa da ya rataye rediyonsa a reshe yana noma, da yamma zai ba ka labarin da ya ji daki daki, har ya gaya maka inda mai magana ya kauce wa tambaya.

Me ya sa abin da ke da rauni haka ya karɓu? A ganina dalili biyu ne. Na ɗaya, lamba tana da kwarjini. In aka ce kashi kaza cikin ɗari, mutane kan ji nauyin yin gardama. Na biyu ya fi wannan muni. Mai horon kwana biyu ba zai iya ƙara wa mutum sani ba, ba zai iya koya masa tsara hujja ba, amma yana iya koya masa inda zai sa hannunsa da yadda zai tsaya. Ƙa'idar da ta ce abin da ake iya sayarwa cikin kwana biyu shi ne kashi 93, lalle za ta sami masu talla. Abin mamaki, magabatan wannan sana'a ba su tafi haka ba. Dale Carnegie, wanda ya fara ajin koyar da jawabi a birnin Niyok cikin 1912, abin da ya fi nanatawa shi ne kada mutum ya tashi magana sai a kan abin da ya sani ta hanyar nazari ko ta hanyar rayuwa. Akan kuma kafa hujja da Dimostinis, gwanin magana na Atina, wanda aka ruwaito an tambaye shi abu uku mafi muhimmanci a jawabi ya amsa da isarwa har sau uku. Amma shi ɗin ne kuma abokan hamayyarsa suka yi wa ba'a cewa jawabansa suna warin fitila, saboda yawan kwanan da yake yi a zaune yana rubuta su.

Yanzu bari mu zo ga Hausa, inda nake ganin ƙa'idar ta fi yin ɓarna. Ginshiƙinta shi ne ana iya ware murya gefe guda, kalma gefe guda, a ba kowace nata rabo. Harshenmu bai yarda da wannan rabo cikin sauƙi ba, domin hawa da saukar murya, watau karin sauti, da tsawon wasali, suna cikin jikin kalmar. A misalan da ke biye na ninka wasali don nuna tsawo, na sa alama a kan gaɓa mai karin ƙasa (à) da mai faɗuwa (â), na bar ta sama ba alama. Kowa ya san wuyàa na jiki daban da wùyaa ta wahala, kuukàa itaciya daban da kuukaa na hawaye, màataa guda daban da maataa masu yawa. Waɗannan ba su cika rikita mai sauraro ba, don zancen da ke kewaye da su yakan fayyace. Inda abin yake shi ne nahawu. A ɗauki jimlar nan yadda ake rubuta ta: "Gwamnati ta gyara hanya." In mai karatu ya ce taa, da tsawo da karin sama, ya ba da rahoto, aiki ya kammala. In ya ce tà, gajere da karin ƙasa, ya yi kira, aiki ba a yi shi ba, ana neman a yi. In ya ce tâa, da tsawo da faɗuwa, ya sa rai, ana jin za a yi nan gaba. Rahoto da kira da sa rai, duk a kan gaɓa ɗaya, kuma rubutunmu na yau da kullum bai bambanta su ba. Ƙamus na Bargery na 1934 ya nuna karin sauti, littattafan nahawu na masana ma suna nunawa, amma jarida da wasiƙa da takardar jawabi ba sa nunawa.

Abin da wannan ke nufi ga mai jawabi a fili yake. Bahaushe ba ya iya karanta takarda a bainar jama'a daidai sai ya riga ya fahimce ta, domin fahimtar ce ke gaya masa karin da zai ɗora wa gaɓa. Duk wanda ya halarci taro ya ga an miƙa wa babban baƙo jawabin da wani ya rubuta masa, ya san abin da nake faɗi: ya fara jimla, ya kai tsakiya, ya gane ba haka take ba, ya koma baya ya sake. Masu horo kan kira wannan rashin ƙarfin hali, su ba da maganin numfashi da tsayuwa. Ciwon ba a ƙirji yake ba. Mutumin bai san abin da takardar ta ƙunsa ba ne, harshe kuwa ya tona shi.

Mai kare ƙa'idar yana iya cewa, "Ai ba karin sauti na nahawu ake nufi da murya ba, launin murya ake nufi, na fushi da na fara'a." Na yarda, haka yake a gwajin asali. Amma a dubi shawarar da littattafan suke ginawa a kai. Suna cewa mai jawabi ya danna murya a kan kalmar da yake so a lura da ita, ya riƙa hawa da sauka don kada a gaji. Wannan shawara ce ta Ingilishi, domin a Ingilishi danna kalma da murya ita ce babbar hanyar ƙarfafawa, jimla tana nan yadda take, nauyin ne ke ƙaura. Hausa ba haka ta fi yi ba. In muna son ƙarfafa abu sai mu ɗauko shi mu kawo gaba, mu bi shi da "ne" ko "ce", sa'an nan aikatau ya sake riga. "Audu ya sayi doki" ta zama "Doki ne Audu ya saya," kuma "sun zo jiya" ta zama "jiya ne suka zo." Muna da 'yan ƙananan kalmomi, fa da dai da kuwa da ma da kam, waɗanda kowace ke juya jimla wani gefe, "ni dai na faɗa" ba ɗaya take da "ni ma na faɗa" ba, ba kuma ɗaya da "ni fa na faɗa" ba. Muna da amsa-kama, fari fat, ja wur, ya tsaya cak, ya cika fal, waɗanda su ne wurin da murya ke samun izinin tashi sama da sauran jimla. Watau yawancin aikin da Bature ke ɗora wa muryarsa, Bahaushe kalma da ginin jimla yake ɗora wa. Ɗalibin da aka koya wa danna kalma irin ta Ingilishi yana magana da Hausa, abin da ke fitowa bakinsa wani abu ne mai kama da karatun ɗan koyo, wani lokaci ma ya ja wasalin da ba a ja, ya ɓata kalmar. Wanda aka koya wa sarrafa "ne" da "dai" da "kuwa" ya sami abin da dattijo ke riƙe zaure da shi ba tare da ya ɗaga murya ba.

Akwai kuma wani hali na jimlar Hausa da masana suka daɗe da bayyanawa. In ana faɗin jimlar bayani, murya gangarowa take yi a hankali: duk gaɓa mai karin sama da ta biyo bayan ta ƙasa ba ta kai tsayin ta sama da ta gabace ta ba. Jimla in ta yi gajarta ba a jin komai. In ta yi tsawo ba wurin hutawa, kamar irin waɗanda ake fassarowa daga takardun ofis na Ingilishi, kafin a kai ƙarshe murya ta kai ƙasa, na bayan aji ba su ji wutsiyar maganar ba. Malamin da ke duba ɗalibi sai ya rubuta masa, "Ka ɗaga murya." Ɗalibi ya ɗaga, ya fara da ihu, ya ƙare da raɗa kamar dā. Maganin yana ga alƙalami: a datse jimlar gida biyu ko uku, kowane yanki ya sami sabon mafari, murya ta koma sama da kanta.

Kashi 55 ɗin ma, da za a karɓe shi, sai a tambaya, jikin wa? Littattafan suna cewa a kafa wa masu sauraro ido, a yi ta zagaya dandamali, a buɗe hannuwa. A wurinmu yaron da ya kafa wa dattijo ido yana magana ba a ce masa mai gaskiya, marar kunya ake ce masa. Liman a kan mumbari yakan dogara da sanda, ba ya kai da kawowa. Mai tafsiri a watan azumi a zaune yake, littafi a gabansa, mai jan baƙi a gefensa yana kawo aya shi yana fassarawa, jama'a kuwa ta cika masallaci har waje, mafi yawansu ba sa ko hango shi. A fada Sarki ba ya ɗaga murya, talaka ya faɗi gaisuwa, fadawa ne ke amsawa, "Sarki ya gaishe ka." Ba ina cewa malamin makaranta ya sunkuyar da kai gaban 'yan aji uku ba, can dole ya duba su, don ya san wanda ya gane da wanda ya ɓace. Abin da nake cewa shi ne, motsin jiki shi ma harshe ne, kowace al'umma da nata, kowane zama da nasa, ba a ɗauko na ɗakin taron kamfani a Amurka a ce shi ne na 'yan Adam duka.

Malamanmu na zaure suna da ma'auni da ya fi wannan lissafi. A ilmin balaga, wanda ake karantawa a ƙasar nan cikin littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi, ana auna magana ne da dacewarta da halin da ake ciki, bayan ta kasance ingantacciya a lafazi. Ma'aunin nan ya haɗa mai magana da mai sauraro da wuri da lokaci, bai kuma yanka su kashi kashi ba. Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajen 868, ya lissafa ishara cikin hanyoyin bayani a littafinsa Albayan wat Tabyin, ya ɗauke ta abokiyar aikin lafazi mai taimakonsa. Haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yake siffanta wa'azin mahaifinsa Shehu Usmanu cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci sallamar da yake yi wa taro da sakin fuskarsa. Sakin fuskar ƙofa ce. Abin da ya tara jama'a a Gobir da Zamfara da Kabi shi ne abin da aka shigo da shi ta ƙofar, da kuma cewa an faɗe shi cikin harshen da mutane ke ji, Fulatanci da Hausa.

Misali na kusa shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, har waɗansu ke kawo shi shaidar cewa murya ita ce kome. Malamin makaranta ne, ya fito Kwalejin Katsina cikin 1933, ya koyar a Midil ta Bauci, ya yi karatu a Landan daga 1945 zuwa 1946. Muryar kam Allah ya ba shi. Amma jawabinsa da ya girgiza Arewa, wanda ya yi a majalisa a Kaduna cikin 1950, inda ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, ba daɗin murya ya sa aka yi ta maganarsa ba. Ya faɗi abin da mutane da yawa suka sani ba su iya faɗa ba, gaban waɗanda abin ya shafa, ya jera hujjojinsa yadda ba a iya ture su da tsawa, har gwamnati ta sa aka yi binciken. Mafi yawan waɗanda jawabin ya motsa ba su kasance a zauren ba. A takarda suka karanta, ko aka ba su labari. Kashi bakwai ɗin nan ne kaɗai ya isa gare su.

Kada a ɗauka ina wanke masu jawabinmu ne. Muna da namu cututtuka, kuma sanannu ne. Akan ba mutum minti goma ya cinye shida wajen jera sarautu da muƙamai, ya gai da wanda ya zo da wakilin wanda bai zo ba. Sallama da girmama manya wajibi ne, wanda ya tsallake su ya rasa kunnen taro tun bai fara ba, amma gaisuwar da ta fi jawabi tsawo ta zama maɓoya ga wanda bai shirya ba. Akwai mai ɗirka karin magana biyar a jere inda ɗaya ta isa. Akwai sabon salo kuma, na mai majigi, wanda ke cika allon PowerPoint da rubutu ya juya wa mutane baya yana karanta musu abin da idonsu ya riga ya gama karantawa. Amma a duba, duk cututtukan nan na shiri ne da tsari da sanin gwargwado. Ba ɗaya cikinsu da gyaran tsayuwa zai warkar, ƙa'idar kashi bakwai kuwa ƙara musu ƙarfi take yi, tun da ta gaya wa mai su cewa abin da ya yi sakaci da shi ba shi da nauyi.

Ga malaman kwalejojin horo, waɗanda yawancinsu sun girme ni a wannan aiki, shawarata ƙarama ce. A cire lissafin nan daga darasi, ko kuwa a koyar da shi tare da tarihinsa, don ya zama misalin yadda ƙaramin bincike ke kumbura in ya bar hannun mai shi. A lokacin gwajin koyarwa, kafin a ba ɗalibi maki a kan murya da tsayuwa da sutura, a kira yaro ɗaya daga bayan aji a ce ya maimaita abin da aka koya masa. Abin da yaron ya iya dawowa da shi shi ne jawabin, saura kuwa kayan rakiya ne. A riƙa ba ɗalibai sakin layi na jarida su zauna su sa wa kowane "ya" da "ta" da "a" alamar karinsa da tsawonsa kafin su tashi karantawa, don su saba da cewa karatun fili daga fahimta yake farawa. A ba su doguwar jimla ta fassara su datsa, su karanta kafin datsawa da bayanta, abokansu na kujerar baya su faɗi wadda suka ji. Wani gwajin kuma da ba ya cin ko kwabo: ɗalibi ya tsaya bayan ƙofa ko bayan allo, inda ba a ganinsa, ya bayyana wa aji yadda ake auna fili, ko yadda ake rabon gado tsakanin ɗa biyu da 'ya ɗaya, sa'an nan a ba ajin aiki a kan abin da ya faɗa. In sun ci, a fito da shi a gyara masa tsayuwa, aikin rabin sa'a ne. In sun faɗi, a mai da shi ga littafi da alƙalami tukuna.